HUKUNCIN SAKIN KYANWA DA DARE

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci dabbobi, Ya hore wa ɗan Adam waɗansu daga cikinsu, Ya kuma rataya amanarsu a wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda mutane su ke gani ƙarama, alhali kuwa ta sha raba maƙwabta gaisuwa. Mas'alar ita ce, shin mai kyanwa zai sake ta ta kwana waje, ko kuwa wajibi ne ya kulle ta idan dare ya yi?

Wanda ya san zaman ƙauye ya san wannan ba tambayar wasa ba ce. A ɗauki misalin Tsaskiya, garin manoma a Ƙaramar Hukumar Safana, yammacin Jihar Katsina, ba nisa da dajin Rugu. A can, kamar yadda ya ke a ƙauyukan ƙasar Batsari, da zarar kaka ta yi an ɗaure damman gero da dawa an zuba a rumbu, sai ɓera, wanda a wannan ƙasa a kan ce masa kusu, ya tare a gida. Mai rumbu ba shi da mai gadin da ya fi kyanwa sauƙin albashi. To, amma bayan katangarsa akwai akurkin matar maƙwabci, kuma kajin nan su ne asusunta, da su ta ke sayen sabulu da magani da gudummawar biki. A shekarun da ɓarayin daji suka addabi wannan yanki, gonaki da yawa na bakin daji sun kwana ba a noma ba, an kuma kore shanun mutane da dama. Wannan ya ƙara wa damin gero daraja a idon mai shi, ya ƙara wa kaza daraja a idon mai ita. Idan an kulle kyanwa ɓera ya yi ɓarna, idan an sake ta wataƙila a wayi gari a ga gashin 'yan tsaki a gindin danga. Shari'a kuwa ba ta bar ko ɗaya daga cikin haƙƙoƙin nan ba tare da bayani ba.

MATSAYIN KYANWA A SHARI'A

Hausawa su kan ce kyanwa, ko mage, ko mussa, namijin kuma muzuru. Larabawa su kan ce hirru ga namiji, hirratu ga mace. Idan aka ƙanƙanta sunan macen sai ya zama hurairatu, watau 'yar kyanwa. Daga nan ne laƙabin Abu Huraira ya fito, sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, Allah Ya yarda da shi. Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa shi da kansa ya ba da labarin asalin laƙabin. Yana kiwon tumakin gidansu yana da wata 'yar kyanwa, da rana ya tafi da ita wurin kiwo yana wasa da ita, da dare kuwa ya ɗora ta bisa itace. Abin lura a nan shi ne, tun yana yaro makiyayi ya san dare yana da haɗari ga ƙaramar kyanwa, ya nema mata wurin da abin cutarwa ba zai kai gare ta ba.

Ajiye kyanwa a gida halal ne. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Kabshatu 'yar Ka'abu ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Saboda haka malaman Malikiyya suka ce sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne, sai fa idan an ga najasa a bakinta a lokacin da ta ke sha, kamar jinin ɓera, sa'an nan a yi aiki da abin da aka gani. Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne, a wanke su daga tufa da tabarmar salla.

Ya kamata a ware tsaki da tsakuwa. Labarin da a ke yaɗawa na wata kyanwa mai suna Mu'izza, wadda wai aka yanke hannun riga don kada a tashe ta daga barci, ba shi cikin ingantattun littattafan hadisi. Haka nan maganar da a ke jingina wa Annabi wadda ta ke haɗa son kyanwa da imani, malaman hadisi sun ce ƙagagga ce. Abin da ya inganta ya wadatar.

HAƘƘINTA A KAN MAI ITA

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an azabtar da wata mace a wuta saboda kyanwa. Ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙananan halittun ƙasa ba. A wata ruwaya ta Asma'u 'yar Abubakar an ce a cikin sallar husufin rana aka nuna wa Annabi wannan mace, kyanwar tana yakushinta.

Masu cewa haramun ne a kulle kyanwa da wannan hadisi su ke kafa hujja, amma sun karanta rabinsa ne. Laifin matar haɗa abu biyu ne, tsarewa da hana abinci. Da ta tsare ta ta ciyar da ita, ko ta sake ta ta nemi na kanta, da ta kuɓuta. Don haka ne Ibn Hajar, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, ya kawo a sharhinsa na Buhari cewa hadisin yana nuna halaccin ajiye kyanwa har da ɗaure ta, muddin ba a yi sakaci da cinta da shanta ba.

To, a nan ne mutane da yawa su ke faɗawa cikin kuskure ba su sani ba. Wani ya kan kulle kyanwa a ɗakin ajiya ko cikin rumbu kwana biyu ko uku ba ruwa ba abinci, wai don yunwa ta sa ta kama ɓera. Wani kuma ya yi tafiya cin kasuwa ya manta ya rufe ta a shago. Wannan shi ne ainihin abin da hadisin ya yi gargaɗi a kansa. Kuma dabarar ba ta da amfani, domin farauta ɗabi'ar kyanwa ce, ƙosasshiya ma tana kamu, mai yunwa kuwa ita ce ta fi saurin tsallaka katanga ta faɗa wa abin da ya fi sauƙin kamawa, watau ɗan tsako.

Masu sharhin Muhtasar na Shehu Halil sun zurfafa har suka ce idan kyanwa ta makance a gidan mutum, ta kasa fita neman abinci, to ciyar da ita ya zama wajibi a kansa. Masu tarihi kuma sun ambaci cewa Sarki Baibars na Masar, wanda ya rasu a 1277 Miladiyya, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Musulmin farko ba su ɗauki wannan dabba abin wulaƙantawa ba.

LADUBBAN DARE

Hadisin Jabir ɗan Abdullahi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya koyar da abin da a ke yi idan rana ta faɗi. A tsare yara a gida har duhun farko ya wuce, a rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah, a rufe ƙore da tukwane, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila lokacin kwanciya. An ma ambaci dalilin kashe fitila, cewa ɓera ya kan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Wanda ya taɓa ganin gobara a gidan danga da hunturu ya san nauyin wannan horo.

A ruwayar Muslim an hana sakin fawashi daga faɗuwar rana har duhun lisha ya wuce. Malaman lugga sun fassara wannan kalma da dabbobin kiwo masu bazuwa, irin su raƙuma da tumaki da awaki. Kyanwa ba ta shiga cikinsu a zahirin lafazi, saboda haka ba za a ce hadisin ya haramta sakinta ba. Amma ya nuna abu biyu masu amfani ga wannan mas'ala. Na farko, rufe ƙofa da dare sunna ce, ba a barinta a buɗe don jiran kyanwa ta dawo. Na biyu, rufe abinci aikin mutanen gida ne. Wadda ta bar ƙwaryar nono ba faifai, ko akushin nama a buɗe a tsakar gida, ita ta fara saɓa wa horo kafin kyanwa ta sa baki.

HAƘƘIN MAƘWABCI

Nan ne gundarin mas'alar. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Anbiya'i aya ta 78 da ta 79, ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan gonar da tumaki suka ɓata. Kalmar da aka yi amfani da ita, nafashat, a Larabci tana nufin kiwon dare ba tare da makiyayi ba. A cikin Muwaɗɗa kuma an kawo cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah ya hukunta cewa tsaron garka da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa biyansa yana kan masu dabbobin. Wannan hukunci ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya tabbatar a cikin Risala, littafin da almajiran ƙasar Hausa su ke karantawa a zaure har yau.

Sai dai malamai ba su auna kyanwa da mudun tumaki kai tsaye ba. Dalili kuwa, al'ada ta gudana a kan cewa tumaki a kan turke su da dare, kyanwa kuwa ba a turke ta, mutane ne su ke kare kayansu daga gare ta. Saboda haka suka rataya hukuncin a kan halin da aka san ta da shi. Imamu Nawawi na Shafi'iyya, wanda ya rasu a 676, ya faɗa a Minhaj cewa kyanwar da aka sani da cin tsuntsaye ko abincin mutane, mai ita zai biya abin da ta ɓata, da dare ne ko da rana, wadda ba a san ta da haka ba kuwa babu biya a kansa. Ibn Ƙudama na Hambaliyya, wanda ya rasu a 620, ya faɗi irin wannan a Mugni. A mazhabar Malik kuma akwai ƙa'idar gargaɗi, wadda aka ambata a kan kare mai cizo da katangar da ta karkata, watau idan an sanar da mai abu cewa abinsa yana cutarwa, ya yi ko oho, to abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Misali, magidanci a Tsaskiya yana da muzuru, bai taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Ran nan ya kama ɗan tsakon maƙwabta. Wannan na farko babu tilas a biya, ko da ya ke ba da haƙuri da mayar da madadi shi ne halin mutanen kirki. To, amma daga wannan rana ya san halin dabbarsa. Idan ya ci gaba da sakinsa, ya sake cinye 'yan tsaki biyar ko 'yan shila a ɗakin tantabaru, biya ya hau kansa, ba zai fake da cewa dabba ba ta da hankali ba. Dabba ba ta da hankali, mai ita yana da shi, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shi ma mai ƙara akwai abin da ke kansa. Hujja tana kan mai da'awa. A ƙasar da ke bakin daji ba kyanwar gida kaɗai ke cin kaji ba, akwai muzurun daji, da tunku, da yanyawa, da maciji. Ganin gashi a ƙasa da safe bai isa a ɗora laifi a kan kyanwar wane ba, sai an gan ta ko an kama ta a kai. Haka nan wanda ya bar kajinsa suna kwana bisa danga, ko akurkinsa ba marfi, ya yi sakaci da dukiyarsa. Idan ɓarna ta tabbata, hanya ita ce a sanar da mai kyanwa da kyakkyawar magana, in bai ji ba a kai ga liman ko mai unguwa. Zuba mata guba a ɓoye, ko watsa mata tafasasshen ruwa, ko ƙona ta, duk zalunci ne, kuma azabtarwa da wuta an hana ta a kan kowane mai rai. Malaman da suka yi sassauci a kan kashe dabba mai cutarwa sun sharɗanta a rasa wata hanyar kare cutar, a kuma yi shi ba da azaba ba.

ABIN DA MASANA LAFIYA SUKA ƘARA

Binciken zamani ya ƙarfafa ɓangarorin biyu. Masana dabbobi sun tabbatar cewa kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka ta samo asali, kuma abin da ya haɗa ta da mutum tun farko shi ne ajiyar hatsi da ɓerayen da ke biyo ta. Lokacin da ta fi kuzarin farauta shi ne magariba da gab da asuba, lokacin da ɓera ke fitowa. Kyanwar da aka rufe a ɗakin kwana tun daga magariba ta rasa sa'o'in aikinta.

Ɓera kuwa ba hatsi kaɗai ya ke ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Barno a yau, daga fitsari da kashin wani irin ɓera a ke ɗaukarsa idan sun taɓa abinci, kuma ya fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da rumbuna su ke cike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rigakafi, tare da rufe hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya shiga, da zubar da shara nesa da gida. Ɓeran da kyanwa ta kawo kuma kada a ɗauke shi da hannu, a kwashe da wani abu a binne.

Yawon dare a wajen gida kuwa yana da nasa haɗari. Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar kare a ke ɗaukarsa, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana kamuwa, ta kuma sa wa yaran gida ta cizo ko yakushi. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda dabbar da a ke shakka ta ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allura. Dabbobin gida kuma akwai allurar rigakafinsu, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu yin ta, sai a tuntuɓi malamin dabbobi.

Akwai kuma shinkafar ɓera da mutane su ke zubawa. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta kan mutu, saboda haka mai zuba guba ya sanar da maƙwabtansa. Akwai rijiyar da ba marfi. Idan kyanwa ta faɗa ta mutu a ciki, Malikiyya sun ce in launin ruwan ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sāke to ya najastu, in bai sāke ba an so a kwashe gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan.

CAMFIN BAƘAR KYANWA

Wani abin da ke sa a jefi kyanwa da dare shi ne camfi. An ga idonta yana ƙyalli, ko an ji tana kuka kamar jariri, sai a ce mayya ce ta rikiɗa. Ƙyallin idon wani shimfiɗaɗɗen abu ne da Allah Ya halitta a bayan ƙwayar idonta, yana mayar da haske don ta gani cikin duhu. Kukan kuwa na lokacin barbara ne, bayansa da mako tara a kan ga 'ya'ya. Babu hadisi ingantacce da ya yi umarni a kashe kyanwa don baƙinta. Mafi muni kuma shi ne a wayi gari a nuna wata tsohuwa a unguwa a ce ita ce ta zo jiya da dare. Wannan ƙazafi ne da cin mutuncin Musulma, zunubinsa ya fi na jifar dabbar girma. Wanda ya ji tsoro da dare ya yi addu'o'in kwanciya da aka koyar, ya rufe ƙofarsa.

HUKUNCI A TAƘAICE

Na ɗaya, asalin sakin kyanwa da dare halal ne, kulle ta ma halal ne. Abin da ke sauya hukuncin shi ne cutarwa, ko gare ta ko ga maƙwabci.

Na biyu, babbar kyanwa lafiyayya wadda ba a san ta da ɓarna ba, abin da ya fi dacewa a ciyar da ita da yamma, a ajiye mata ruwa, a bar ta a tsakar gida wajen rumbu, ƙofar zaure a rufe.

Na uku, wadda aka sani da cin kaji ko tantabarun mutane wajibi ne a tsare ta, da abincinta da ruwanta da ƙasar da za ta yi bayan gida. Ɗakin ajiyar hatsi ya fi dacewa, tana tsare tana aiki. In an sake ta ta yi ɓarna, a biya.

Na huɗu, ƙananan 'ya'ya, da mara lafiya, da makauniya, da wadda ta tsufa, a kwanar da su a ɗaki. Zuba 'ya'yan da ba a yaye ba a buhu a jefar a bayan gari kisa ne da yunwa, a nemi mai so a ba shi bayan sun fara cin abinci.

Na biyar, idan aka ji labarin mahaukacin kare a gari, ko an zuba guba a unguwa, a tsare kowace kyanwa har abin ya wuce. Wadda aka ga ta dawo da rauni ta kuma sāke hali, a nisanta yara da ita, a kira malamin dabbobi.

Na shida, mai kaji ya yi wa akurkinsa marfi, mai nono ta rufe ƙwaryarta, mai rijiya ya rufe bakinta. Kowa ya tsare nasa, shari'a ta ragu a ƙofar mai unguwa.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya kiyaye Musulmi daga ɗaukar alhakin abin da ba shi da bakin kai ƙara, Ya zaunar da ƙasar Safana da Batsari da sauran ƙasa lafiya, Ya sa albarka a rumbu da akurki. Amin.